Sha Biyu Kacal

Kawu Sadu ba ya ɗaga kyamara zuwa ido.
A cibiya yake riƙe ta, hannu biyu, kamar mai karɓar ƙwaryar nono,
ya buɗe murfin sama, ya sunkuya,
ya leƙa kamar mai duba ko rijiya ta kawo ruwa.
Shekara talatin da ɗoriya a Garwa,
ɗan dako ne ko mai unguwa,
duk wanda ya ɗauka sai da ya rusuna masa tukuna.

Ni kuwa sama nake miƙa hannu,
in karkace baki, in danna, in sake dannawa, in goge.

Fim ɗinsa faɗin yatsu uku ne,
hoto sha biyu kacal, naɗi ya ƙare.
Shi ya sa yake jira:
ƙuda ya tashi daga goshi,
kafaɗa ta gaji da yin girman kai ta sauka,
sannan ƙyas, ƙarar ba ta kai ta karya tsinke ba.
A gilashin, dama kan koma hagu.
Ya ce duniya ma haka take yi, sabo ake.

Wayata na da hoto dubu bakwai.
Rabi rasit ne da kwanon abinci,
sauran ban koma na gaishe su ba.

Ran wata Laraba Dada Jaratu ta zo shago.
Ƙanenta Hamadiko ya rasu bai bar ko hoton kati ba,
amma ta tuna, shekarar da ruwan Binuwai ya ci gonar albasarsu,
an jera ma'aikatan auduga a bakin gada,
kuma yana ciki.

Kawu ya jawo gwangwanin biskit mai tsatsa.
Kilishe ake ce musu a nan,
ni ina yaro na ɗauka kilishi ne,
tunda su ma sirara ne, kuma a igiya ake shanya su.
Ya ɗaga ɗaya bayan ɗaya a hasken ƙofa.
Ga su, mutum arba'in da uku,
fuskoki sun yi fari, fararen riguna sun yi baƙi,
kowane kai bai fi ƙwayar riɗi ba.

Sai dai ɗakin duhu ya daɗe da zama ma'ajiyar gawayi.
Ruwan wanki ya ƙare tun da mai aiko shi daga Yawunde ya koma sayar da caja.
Kawu ya tsaya da mutum arba'in da uku a hannu,
ba hanyar fito da ko ɗaya.

Na ari wayar mai shayi, na mai da fuskarta fari fat,
na shimfiɗa kilishen a kai,
na kawo tawa kusa, kusa, na riƙe numfashi.
Na juya baƙi ya koma fari.
Na buɗa da yatsu biyu.
Da hotona ne, da tuni ya farfashe kamar tsaki.
Wannan bai fashe ba. Na ƙara buɗawa.
Layi na biyu, na huɗu daga gefe:
wushirya, tabo a gira,
rigar da maɓalli ɗaya ya ɓace.

Dada Jaratu ba ta yi kuka nan take ba.
Ta ce, "Maɓallin nan ni na ce zan ɗinka masa."

Kafin shayi ya huce, hoton ya isa Njamena wurin ɗanta,
wayar ta yi ta kuka da saƙon dangi.
Kawu bai yabi waya ba, ni ma ban yabi gwangwani ba.
Yana mai da kilishen cikin takardarsa,
ya dube ni ta saman tabarau,
bayana har yanzu a tanƙware bisa tebur,
ya ce, "Yau dai ka sunkuya."